Bayan Rajista: Abin da Doka Ke Nema Daga Ƙungiyoyin Taimakon Jama'a

(Taken shiri)

Wannan shirinmu ne na faɗakarwa kan doka da zaman jama'a. Gaisuwa ga mutanen Karu da Nyanya da Jikwoyi da Kurudu da Orozo har zuwa Karshi, da maƙwabtanmu na tsallaken iyaka a Mararaba da Masaka. Iyayenmu maza da mata, malamai, shugabannin unguwa, da matasa, ku matso kusa, domin maganar yau ta shafi kusan kowane gida.

Duk wanda ya san Karu ya san gari ne mai tarin ƙungiyoyi. Gbagyi masu ƙasa suna da nasu, baƙin da aiki ko kasuwa ta kawo su Abuja su ma kowa ya nemi 'yan garinsu sun haɗa kai. Ga kwamitin masallaci da na Islamiyya, ga ƙungiyoyin coci, ga na 'yan kasuwa da mahauta, ga na mata masu tallafa wa marayu da zawarawa, ga gidauniyoyin da masu hali ke kafawa da sunan iyayensu. Da yawa daga cikinsu sun yi rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Ƙasa, wato CAC, mai hedikwata a Maitama. An karɓo satifiket, an saka a gilashi, an rataye a ofis, an yi walima. Daga nan kuma sai a ɗauka an gama. To, gaskiyar magana ita ce ranar da aka karɓi wannan takarda, ranar nauyi ya hau wuyan amintattu, kuma nauyi ne da ke dawowa kowace shekara. Shi za mu warware yau ɗaya bayan ɗaya.

Bari mu fara da tushe. Tsarin mulkin Najeriya na 1999, a sashe na 40, ya ba kowa 'yancin haɗuwa da wasu su kafa ƙungiya. Saboda haka 'yan adashi ko matasan da ke share magudanar ruwa a unguwa ba su yi laifi ba don ba su da rajista. Amma da zarar ƙungiya ta so ta buɗe asusun banki da sunanta, ko ta mallaki fili, ko ta karɓi tallafi daga wata hukuma, sai ta bi ta ƙofar doka. Dokar ita ce ta kamfanoni da makamantansu, wadda aka fi sani da CAMA. An fara yin ta a 1990, sannan shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwa ranar 7 ga Agusta, 2020. Maganar amintattun ƙungiyoyi tana cikin sassa na 823 zuwa 850.

Hanyar rajista sananniya ce. Ana zaɓen amintattu biyu ko fiye a taro, a rubuta bayanin taron, a tsara kundin tsarin ƙungiya, a nemi CAC ta amince da suna. Sai a buga sanarwa a jaridu biyu na kullum, ɗaya daga ciki ta ƙasa baki ɗaya, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Kuma ba kowa doka ta yarda ya zama amintacce ba. Ƙaramin yaro ba ya zama, haka wanda kotu ta tabbatar ba shi da cikakken hankali, da wanda aka ayyana ya karye da bashi bai fita ba, da wanda aka samu da laifin zamba ko rashin gaskiya cikin shekara biyar kafin naɗa shi.

Me rajista ke jawowa? Amintattu sukan zama jiki ɗaya a idon doka, mai suna na kansa, wanda ba ya mutuwa da mutuwar wanda ya kafa shi. Yana iya kai ƙara, ana iya kai shi, yana iya riƙe fili da gini. Wannan ba ƙaramar kariya ba ce a wuri irin namu da fili ya yi tsada. Sau nawa muka ji filin makaranta ko na wurin ibada da aka sayi da kuɗin jama'a, amma takarda tana da sunan mutum ɗaya, ya rasu, magada suka ce na mahaifinsu ne? In takarda na ɗauke da sunan amintattun ƙungiya, wannan rigima ba ta da ƙofar shiga.

Yanzu ga babban batu, jama'a, ku saurara da kyau. Sashe na 838 ya ce kuɗin ƙungiya da dukiyarta ba a kashe su sai a kan manufofin da aka rubuta a kundinta. Ba a raba wa mambobi riba, ko da wane suna aka sa mata, goron sallah ne ko ladan wahala. Ana iya biyan ma'aikaci albashin da ya dace da aikin da ya yi, kamar malamin Islamiyya ko mai gadi ko akawu. Ana iya mayar wa shugaba kuɗin motar da ya kashe daga aljihunsa a kan aikin ƙungiya, ana iya biyansa hayar da ta dace in ɗakinsa ake amfani da shi. Amma wanda ke cikin majalisar gudanarwa ba ya naɗa kansa a kujerar albashi. Alhaji, ko da kai ka kafa gidauniyar, ko da sunan mahaifinka take ɗauke da shi, kuɗin da ya shiga asusunta ya fita daga hannunka. Hajiya, shinkafar da aka kawo don marayu ba ta biyowa ta kicin ɗin gida. Musulmi sun san wannan hukunci tun daga babin waƙafi: abin da aka tsayar don Allah ba ya komawa gado. Har ranar da ƙungiya za ta rushe, sashe na 850 ya ce abin da ya rage bayan biyan bashi ba a raba shi tsakanin mambobi, sai a miƙa wa wata ƙungiya mai irin manufarta.

To wanda burinsa a tara kuɗi a juya a raba riba fa? Wannan halal ne, amma ƙofarsa daban. Ya yi rajistar ƙungiyar gama kai a ofishin da ke kula da su, ko ya buɗe kamfani. Rikicin ƙungiyoyin kasuwa da yawa daga nan yake farawa, an yi rajistar taimako alhali zuciya na kan riba.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu saurare, muna tare. Mun zo kan aikin da ke dawowa duk shekara, wato rahoton shekara. Dokar 2020 ta sa amintattu su miƙa wa CAC wannan rahoto tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Disamba, ban da shekarar da aka yi rajista. A ciki ake bayyana sunan ƙungiya, sunaye da adireshin amintattu da 'yan majalisar gudanarwa, filayen da ƙungiya ke riƙe da su, da duk canjin da aka yi wa kundin tsari. Ana haɗawa da bayanin kuɗi wanda ƙwararren mai binciken kuɗi ya duba ya sa hannu. Yanzu ta intanet ake yi, ba sai an shiga cunkoson hanyar Nyanya an tafi Maitama ba.

Wanda ya yi sake, tara na taruwa a kansa shekara bisa shekara. Kuma akwai abin da ya fi tara ciwo. CAC na da shafin bincike da kowa zai iya buɗewa a wayarsa, ya rubuta sunan ƙungiya, ya ga ko tana cikin masu aiki ko an nuna ta a matsayin wadda ta kwanta. Masu ba da tallafi, na gida da na waje, nan suke fara leƙawa kafin su karanta wasiƙarku. Ƙungiya na iya ciyar da marayu ɗari a Jikwoyi, amma in shafin ya nuna ta kwanta, sai tallafi ya wuce ta ya je wa wadda ba ta yi rabin aikinta ba.

Rahoton kirki kuwa ba ya samuwa sai da rubutu na yau da kullum. Ma'aji ya riƙe littafin shiga da fita. Duk naira da ta shigo a yanka rasit, duk wadda ta fita a samu takardar shaida. Kuɗin asusun Juma'a ko baikon Lahadi a ƙirga shi gaban mutum biyu ko uku, su sa hannu, a kai banki. Asusu ya kasance da sunan ƙungiya, masu sa hannu aƙalla biyu, kuma ya fi kyau kada su zama miji da mata ko wa da ƙane. Kada a ce wa jama'a su tura gudummawa ta asusun shugaba don ya fi sauƙi. Takardun kuɗi kuma a adana su shekara shida, kamar yadda dokar 2020 ta tanada. Wani zai ce, ai mun yarda da ma'ajinmu, mutumin kirki ne. Madalla. Rubutun nan shi yake karewa tun farko, domin ranar da baki ya yi yawa, mai gaskiyar da ba shi da rasit ba shi da abin nunawa. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

Sai maganar taro da canjin shugabanci. Ku yi babban taro yadda kundinku ya ce, sakatare ya rubuta abin da aka yanke da sunayen waɗanda suka halarta. In amintacce ya rasu, ko ya yi murabus, ko ya yi ritaya ya koma garinsu, wanda abu ne da muke gani kullum a garin ma'aikata irin Karu, ba a cike gurbinsa da baki kawai. Babban taro ne zai yanke shawara, a kai wa CAC, a buga a jarida, a jira kwana 28, sannan sabon suna ya shiga. Haka gyaran kundin tsari da canjin suna, sai da amincewar hukumar. Akwai ƙungiyoyin da rabin amintattunsu sun riga mu gidan gaskiya shekaru da suka wuce, amma a takarda har yau su ne masu iko. Ranar da za a sayar da fili ko a shiga kotu, ranar ake gane an yi ganganci.

Na san wasu na jira in taɓo sashe na 839, wanda ya tayar da ƙura a 2020. Shi ne ya buɗe hanyar dakatar da amintattu da naɗa masu riƙon ƙwarya idan an samu almundahana ko rashin iya riƙo, bisa buƙatar CAC ko kashi ɗaya cikin biyar na mambobi. Ƙungiyar Kiristoci ta Najeriya, CAN, da ƙungiyoyin farar hula da dama sun ce wannan katsalandan ne a harkar addini da 'yancin taruwa. A watan Afrilun 2023, Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, ƙarƙashin Mai Shari'a James Omotosho, ta soke wannan sashe da wasu da ke biye da shi. Amma kada wani ya ji haka ya ce an sauke masa kaya. Hukuncin bai taɓa sashen da ya hana raba dukiyar ƙungiya ba, bai taɓa dokar haraji ba, bai halatta cin amana ba, wanda laifi ne a dokar Penal Code da ke aiki a Abuja. A aikace kuma CAC na ci gaba da karɓar rahoton shekara, banki da masu tallafi na ci gaba da tambayarsa.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Mu juya ga haraji, inda ruɗani ya fi yawa. Za ka ji ana cewa, mu ƙungiyar taimako ce, ba ruwanmu da haraji. Rabin maganar gaskiya ne. Gudummawa da sadaka da kuɗin mambobi da tallafi, waɗanda ake kashewa a kan aikin taimakon jama'a, ba a cire musu harajin riba. Amma in ƙungiya ta shiga kasuwanci, ta gina shaguna tana ba da haya, ko tana hayar rumfuna da kujeru, ko ta buɗe gidan ruwan leda, ribar wannan sana'a tana da haraji kamar ta kowa. Kuma ko babu sana'a, wajibi ne ƙungiya ta mallaki lambar haraji, ta kuma miƙa bayaninta duk shekara. Hukumar harajin da aka sani da FIRS ita ce ta koma NRS, bayan shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji a watan Yunin 2025, waɗanda suka fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026.

Ga wani abu da ya shafe mu musamman, mu mazauna bakin iyaka. Ƙungiyar da ke da ma'aikata ita ke cire harajin albashi ta miƙa, zuwa ranar 10 ga watan da ke biye. Ina ake kai shi? Inda ma'aikaci yake zaune. Karu biyu ce, kowa ya sani: akwai tamu da ke ƙarƙashin ƙaramar hukumar birni ta AMAC a Abuja, akwai ƙaramar hukumar Karu ta jihar Nasarawa. In ofishinku na Karu ta Abuja, malamarku na zaune a Kurudu, harajinta na hukumar haraji ta Abuja ne. In direbanku a Mararaba ko Masaka yake kwana, nasa na jihar Nasarawa ne. Sabuwar dokar ta yafe haraji a kan naira dubu 800 na farko na abin da mutum ke samu a shekara, don haka masu ƙaramin albashi da yawa sun huta. Ƙungiyar da ma'aikatanta suka kai 15 kuwa, dokar fansho ta 2014 ta hau kanta: ita ta zuba kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kashi 8.

Sai batun da banki ke yawan tsayar da mutane a kai, wato takardar SCUML. Wannan sashe ne da ke ƙarƙashin hukumar EFCC, aikinsa sa ido kada a bi ta wasu harkoki a wanke kuɗin haram ko a kai wa 'yan ta'adda. Rajistarsa kyauta ce, ta intanet ake yi, don haka ku yi hattara da 'yan kan hanya masu cewa a kawo wani abu. Dokar hana wanke kuɗin haram ta 2022 ta hana biya ko karɓar tsabar kuɗi da ya haura naira miliyan 5 ga mutum ɗaya, ko miliyan 10 ga kamfani ko ƙungiya mai rajista, sai ta banki. Me ya kawo wannan tsanani? Ƙasashen duniya na da hukumar sa ido kan zirga-zirgar kuɗi mai suna FATF, mai zama a Faris. Ta saka Najeriya cikin jerin ƙasashen da ake sa wa ido a Fabrairun 2023, ba ta cire ta ba sai Oktoban 2025. Mu da bam ya tashi a tashar Nyanya ranar 14 ga Afrilu, 2014, ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani kan illar kuɗin da ke shiga hannun miyagu. Abin da ake so a wurinku kaɗan ne: ku san wanda ya ba ku, ku san wanda kuka ba, ku rubuta. In wani baƙo ya ce zai turo miliyoyi ta asusunku, ku cire masa a hannu ku riƙe kaso, ku guje shi ko da ya zo da carbi ko Baibul.

Kafin lokaci ya ƙure, kalma biyu ga masu aiki da yara da marasa galihu. Satifiket ɗin CAC ba lasisin buɗe gidan marayu ba ne, ba kuma na makaranta ko asibiti ba. Kowanne yana da hukumar da ke ba da izininsa a gwamnatin birnin tarayya, kuma dokar kare haƙƙin yara ta 2003 na aiki a Abuja. Sannan akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Sunaye da lambobin waya da hotunan waɗanda kuke taimaka wa amana ce. Kada a ɗauki hoton bazawara tana karɓar buhun masara, ko na yaro marar lafiya, a watsa a Facebook ba tare da yardarsu ko ta iyayensu ba. Taimako ba ya ba mutum izinin tozarta wanda ya taimaka wa.

Ku kuma mambobi da masu ba da gudummawa, kuna da rawar takawa. Tambayar ina kuɗinmu suka shiga ba rashin kunya ba ce, in an yi ta cikin ladabi a wurin taro. Shugaban da ya san aikinsa ma ba ya jira a tambaye shi, shi ke karanta bayanin kuɗi a gaban jama'a ya liƙa kwafi a allon sanarwa.

Saboda haka ga kirana ga kowane shugaba da sakatare da ma'aji da ke jin muryata. A wannan makon ku zauna. Ku ɗauko kundin tsarinku ku karanta shi tun daga farko. Ku duba sunan ƙungiyarku a shafin CAC. Ku ƙirga shekarun da ba ku miƙa rahoto ba, ku nemi lauya ko akanta mai rajista ya taimaka muku ku biya abin da ya taru. Ku duba amintattunku, su waye ke raye, su waye ke gari. Ku tabbata takardar fili da asusun banki suna da sunan ƙungiya. Dukiyar marayu da ta masallaci da ta coci tana da mai tambaya a duniya, tana da mai tambaya a lahira, ku shirya amsar duka biyun tun yanzu.

A nan za mu dasa aya. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu tattauna kan ƙungiyoyin gama kai da yadda ake rajistarsu.  

(Taken rufe shiri)